Gonar Kaka Baturiya: abin da muka tono a Damagaram

Bara waccan, da aka zauna rabon gadon kakarmu ta wajen uwa, wani dattijo cikin dangi ya sako wata magana: wai gonar nan tata ta wajen Mirya ba gadonta ta yi ba, kyauta ce babanta ya ba ta tun yana da rai, a gaban shaidu. Manya suka yi gum, aka wuce wurin. Mu jikoki kuwa maganar ta tsaya mana a rai. Mutum mai ɗiya bakwai, me zai sa ya ware guda ya ba ta gona, sa'annan ranar rabon gadonsa ba a ƙidaya da ita ba?

Kakar tamu fara ce sol, ga gashi har baya, kowa Baturiya yake ce mata. A katinta na ɗan ƙasa an rubuta "née vers 1934", kamar yawancin tsofaffinmu da aka kintaci shekarunsu. In mun tambayi farin nan nata, sai a ce jinin Larabawan Zango ta ɗauko. Kuma maganar tana da madafa. Tun kafin zuwan Nasara, fataken Tarabulus da na Gadamas suna zaune a Damagaram, suna aure suna haihuwa. Kalmar Bature ma Larabawan arewa aka fara kira da ita, shi ya sa har yau akwai Dandalin Turawa a cikin birnin Kano. To kun ga sunan yana da fuska biyu, kowa sai ya ɗauki wadda ta yi masa.

Fuska ta biyun ita ce ta kai mu ga tarihin bariki. Faransawa sun ci Damagaram a 1899, bayan yaƙin Tirmini, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga. Daga 1911 zuwa 1926 Zinder ce hedikwatar ƙasar, kafin a maida ita Yamai, kuma ko bayan nan soja da ma'aikata ba su bar garin ba. Akasarinsu ba su zo da mata ba. Sai su ɗauki ɗiyar gari, sau da yawa ta hannun gardi ko tafinta, abin da su da kansu suke kira "mariage à la mode du pays", wato aure irin na ƙasa. Ranar da aka canza ma mutum wurin aiki, ya ɗaure kayansa ya tafi, mace ta koma gidansu, wani lokaci da goyo ko da ciki.

Su waɗannan yara gwamnatin mallaka ta buɗe masu gidaje, "foyer des métis". Akwai guda a Zinder, kamar yadda aka yi a Bamako da Bingerville. Ana kiransu marayu alhali uwa tana da rai, uba ma yana da rai. A takarda sai a rubuta "père inconnu", ba a san uba ba, ko da kuwa duk bariki an san shi. A yanke yaro daga uwarsa da harshenta, a sa shi lakol. Dokar 5 ga Satumba 1930 ta ba irin waɗannan yara na Afirka ta Yamma hanyar zama ƴan ƙasar Faransa ta hukuncin kotu, in an ɗauka cewa mahaifin da doka ba ta sani ba Nasara ne. Ku duba da kyau: an yarda da jinin, an ɓoye sunan mai jinin.

Takardun wancan zamani a rarrabe suke: wasu a gidan adana takardun tarihi na ƙasa a Yamai, wasu a Dakar, wasu a Aix-en-Provence can Faransa. Mu Yamai muka iya zuwa. Kwana huɗu muna buɗe rahotannin kumandan da takardun ƙidayar haraji. Mun ga sunayen Nasaru da dama da suka yi aiki a yankin cikin shekarun, wannan ya tafi wancan ya zo. Kakarmu dai ko alamarta babu. Da farko mun ɗauka asarar kuɗin mota muka yi.

Amsar tana ɗakin ƙanwar Kaka, tsohuwar da kullum muke wuce ta da gaisuwa da goro. Da muka yi mata tambayar, ta daɗe tana kallon ƙasa, sa'annan ta ce: "Ku jikokin nan akwai ku da tone-tone. To ku zauna." Ta ce uwarsu tana budurwa gardi ya zo ya tafi da ita bariki, babu wanda ya isa ya ce a'a. Bayan damina biyu ta dawo da ciki. Da ta haihu, labari ya zo cewa ana tattara fararen yara ana kai su gidan marayu. Cikin dare aka fita da ita da jaririyar zuwa ƙauye. Can wani malami ya aure ta, ya ce duk mai tambaya a gaya masa ɗiyarsa ce, farin kuwa na Larabawan Zango ne. Bai taɓa yarda a kira ta agola ba. Da ya ga tsufa, ya san shari'a ba za ta ba ta gadonsa ba, kuma ya san ranar rabo bakin mutane zai buɗe. Shi ne ya riga su, ya ba ta gona mafi kyau, ya ce wannan ta samu nata.

Muka ce: "Kaka, shi Nasaran fa, mene ne sunansa?" Ta ce: "Inna ba ta taɓa faɗinsa ba, mu ma ba mu tambaya ba." Nan muka gane dalilin da ya sa Kaka ba ta cikin takardun Yamai. Ba ɓacewa ta yi ba, ɓoye ta aka yi, kuma ɓoyon ya yi nasara.

Wani ɗan'uwanmu ya kawo shawarar gwajin jini na DNA, ko za a dace da dangin mutumin. A Faransa ma doka ba ta yarda mutum ya yi irin wannan gwaji don neman asali shi kaɗai ba tare da umurnin kotu ba. A gida kuma iyayenmu mata suka raba: wata ta ce haƙƙinmu ne mu sani, wata ta ce abin da malam ya rufe shekara da shekaru ba mu ne za mu yaye shi ba, ga ƴan mata a gida ba su yi aure ba, kun san bakin duniya. Har yanzu muna kan maganar. Abin da muka daidaita a kai shi ne a rubuta labarin ba tare da suna ba.

Ba mu kaɗai ba ne. A 2019 gwamnatin Beljiyam ta nemi gafarar yaran da aka raba da uwayensu a Kwango, Ruwanda da Burundi. A nan wajenmu kuwa zancen yana nan cikin ɗakunan tsofaffi mata, daga Damagaram zuwa Maraɗi da Tawa. In kuna da tsohuwa a gida, ku je ku zauna da ita tun tana iya magana, ku tambaya cikin ladabi, kuma ku nemi izininta kafin ku ɗauki muryarta a waya.

Gonar dai an noma ta bana, gero ya yi kyau. Allah ya jiƙan Kaka, ya jiƙan uwar da ta gudu da ita, ya jiƙan malamin da ya kira ta ɗiyarsa. Amin.