Masu Awon Taurari Tagwaye a Faransa

Daga cikin rassan ilimin falaki babu wanda ya dogara ga haƙurin masu sha'awa kamar awon taurari tagwaye, wato taurari biyu da ke kewaya juna, domin da yawansu ba sa gama zagaye ɗaya sai ran mai awo ya yi halinsa. Saboda haka aikinmu ya yi kama da isnadin hadisi: kowa yana karɓa daga wanda ya gabace shi, kuma darajar riwaya tana ga amanar mai riwayar.

Abu biyu kaɗai muke rubutawa tare da kwanan wata: tazarar da ke tsakanin taurarin, da kusurwar da ƙaramin ya yi daga arewa. Idan awo ya taru shekara da shekaru har hanyar kewayen ta bayyana, aka kuma san nisan taurarin daga gare mu, to da ƙa'idar Kepler ana fitar da nauyinsu. Wannan ne dalilin da ya sa muka fi ƙaunar na kusa, irin su 70 Ophiuchi, wanda haskensa ke iso mu cikin kusan shekara 17, yake kuma cika kewayensa cikin shekara 88.

A Faris aka fara wannan hisabi, lokacin da Félix Savary ya lissafa kewayen Xi Ursae Majoris a 1827. Camille Flammarion ya wallafa kundin tagwayen da motsinsu ya tabbata a 1878, sa'an nan ya kafa ƙungiyar Société astronomique de France a 1887, wadda ta buɗe ƙofar ilimin ga malamin makaranta da akawu da ɗan kasuwa. Amma shehin wannan fanni a wurinmu shi ne Paul Baize, likitan yara, wanda yake duba marasa lafiya da rana, da dare kuma ya hau hasumiyar gidan duban taurari na Faris, ya zauna cikin sanyi yana daidaita siraran zaren ma'auni a kan ɗigon haske biyu, har ya tara awo fiye da 24,000 tsakanin 1925 da 1972, ya kuma lissafa kewaye fiye da 400. Ban san ƙwararren da zai raina wannan ba.

Rabon Liyon ya sha bamban. Gidan duban taurarinta na Saint-Genis-Laval, wanda aka kafa a 1878 ƙarƙashin Charles André, ya fi shahara da taurari masu sauya haske, kuma a can ƙungiyar masu lura da su ta samo asali a 1921. Abin da muka gada daga Liyon shi ne al'adar ƙwararru su tattara awon masu sha'awa, su tace, su adana.

A 1981 ƙungiyar da Flammarion ya kafa ta buɗe kwamitin taurari tagwaye. Yau kyamara da kwamfuta sun ture ma'aunin zare, awo yana tafiya kundin taurari tagwaye na Washington, kuma ko da yake tauraron ɗan'adam Gaia ya fi mu daidaito nesa ba kusa ba, 'yan shekaru kawai ya yi yana kallo, alhali 61 Cygni yana bukatar kusan ƙarni bakwai. Mafi kusa da mu duka, Alpha Centauri, mai kewayen shekara 80, ba ya taɓa fitowa a samaniyar Faris ko Liyon, amma mutumin Kano yana ganinsa ƙasa-ƙasa wajen kudu da bazara, kuma ƙaramin madubin hangen nesa ya isa ya raba shi biyu.