BABI NA BIYU: TARIHIN HORAR DA MALAMAN KOYAR DA AIKIN GONA, DAGA SAMARU ZUWA ƘASAR MAGAMI

2.0 Gabatarwa

Wannan babi zai bi diddigin yadda aka faro horar da malaman da ke koyar da darasin aikin gona a makarantu, da yadda wannan horo ya kai ga jami'o'i, sannan a dubi abin da ya haifar a Magami da maƙwabtanta na Tsafe da Bunguɗu. Magami gari ne da ke kudu da Gusau a kan hanyar Ɗansadau, kuma yana cikin Ƙaramar Hukumar Gusau ta Jihar Zamfara. Sana'ar mafi yawan mutanensa ita ce noma da kiwo, inda ake noma dawa da gero da masara da auduga da wake da waken suya.

Kafin a shiga cikin bayani, ya kamata a rarrabe tsakanin mutum biyu waɗanda Bahaushe kan kira da suna kusan iri ɗaya. Na farko shi ne malamin gona, wato ma'aikacin da ke bin manoma ƙauye-ƙauye yana nuna musu sabon iri da taki da feshi. Na biyu shi ne malamin makaranta mai koyar da darasin aikin gona a cikin aji. Tarihin da za a kawo zai nuna cewa tun daga tushe hukumomi biyu ne daban suka reni waɗannan mutane, kuma wannan rabuwa ita ce ta bi horon har cikin jami'a.

2.1 Zamanin Turawa

Tun kafin zuwan Turawa, gandu shi ne makarantar noma a ƙasar Hausa. Yaro kan tashi yana bin mahaifinsa da yayyensa, daga sassabe zuwa shuka, daga firi zuwa maimai, har ya san ƙasar da ta dace da gero da wadda ta dace da auduga. Almajirai ma sukan yi wa malaminsu noma da damina. Saboda haka ilimin noma ba baƙon abu ba ne. Abin da ya zo sabo shi ne a ɗauki mutum a biya shi albashi domin ya koyar da noma a kan allo.

Makarantar da Ɗan Hausa ya buɗe a Nasarawa ta Kano a 1909 ta haɗa karatu da sana'o'in hannu. Daga baya, rahoton kwamitin Phelps-Stokes na 1922 da takardar manufar ilimi da gwamnatin Ingila ta fitar a 1925 domin ƙasashen Afirka da take mulka, duka sun jaddada cewa a daidaita ilimi da rayuwar karkara. A dalilin haka aka sa lambu ko gona a makarantun elementare. To amma Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922 domin samar da manyan malamai, ta fi ba da ƙarfi ga Turanci da lissafi. Malamin elementare, wanda kwalejojin horon malamai irin ta Maru suka yaye, shi ke koyar da kowane darasi, noma kuwa ɗan ƙari ne a kan sauran ayyukansa. Ita wannan kwaleji ta Maru, wadda ke maƙwabtaka da Bunguɗu, a nan ne Malam Aminu Kano ya koyar kafin ya ajiye aiki a 1950.

A ɗaya ɓangaren kuma, Ma'aikatar Gona ta kafa cibiyarta ta bincike a Samaru kusa da Zariya a 1922, daga bisani kuma makarantar koyon aikin gona ta tsaya a wurin. Waɗanda ta yaye ba aji ake tura su ba, En'e da Ma'aikatar Gona suke yi wa aiki. Su ne suka yaɗa noman shanu da garma wanda aka soma a 1928, su ne kuma suka kula da irin auduga. Ƙasar Gusau ta ga irin waɗannan ma'aikata da wuri, domin jirgin ƙasa ya ratsa Tsafe da Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929, aka kuma kafa injin gurzar auduga a Gusau. Ke nan mai ilimin noma na zamani yana wajen makaranta, wanda ke cikin makaranta kuma ba shi da zurfin wannan ilimi.

Akwai wani abu da ya ƙara dagula al'amarin. Uban da ya yarda ya ba da ɗansa boko, a lokacin da mutane da yawa ke gudun ta, ba domin a mayar masa da shi gona ya ba da shi ba. Yana so ne ya zama malamin hakimi ko akawu. Bugu da ƙari, a makarantu da dama an mayar da aikin gonar makaranta horon mai laifi, wanda ya makara ko ya yi surutu shi ake ba fartanya. Da wuya yaron da aka rena a haka ya so ya zama mai koyar da darasin.

2.2 Shigowar Jami'o'i

Kwamitin Ashby, wanda ya miƙa rahotonsa a 1960, shi ne ya buɗe ƙofar manyan kwalejojin horon malamai masu ba da takardar shaidar malanta ta ƙasa, wato NCE. An buɗe ta Zariya a 1962, ta Sakkwato kuma a 1970, wadda a yau ake kira Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari. A shekarar 1962 ɗin ne kuma aka kafa Jami'ar Ahmadu Bello, cibiyar Samaru ta koma ƙarƙashinta da sunan Cibiyar Binciken Aikin Gona.

A wannan lokaci ne tasirin Amurka ya shigo. A can, tun 1862 aka yi dokar da ta ba jihohi filaye domin kafa kwalejojin noma, a 1917 kuma aka yi wata doka wadda ta tanadi kuɗin koyar da noma a makarantun sakandare tare da horar da malamansa. Tsarinsu shi ne bincike da koyarwa da wayar da kan manoma su zauna a inuwa ɗaya. Jami'ar Jihar Michigan ta taimaka wajen kafa Jami'ar Nijeriya ta Nsukka a kan wannan tsari, kuma Nsukka ce ta yi gaba wajen ba da digiri ga malaman koyar da sana'o'i, ciki har da noma. Ita kuwa Jami'ar Ahmadu Bello, Jami'ar Jihar Kansas ce ta tallafa mata a fannin noma da likitancin dabbobi a shekarun 1960. Amma duk da haka, da aka zo horar da malamin makaranta mai digiri, sai aka ajiye shi a Tsangayar Ilimi, a sashen koyar da sana'a da fasaha, alhali gonaki da dabbobi da ɗakunan gwaje-gwaje suna hannun Tsangayar Aikin Gona. Tsohuwar rabuwar nan ta zamanin En'e sai ta sake bayyana da sabuwar riga.

Idan aka kwatanta digirin biyu za a ga bambancin a fili. Mai neman digirin aikin gona zalla yakan yi shekara biyar, kuma shekara ta huɗu a gona yake yin ta, yana huɗa da shuka da kula da kaji da shanu da hannunsa. Mai neman digirin koyar da aikin gona kuwa shekara huɗu yake yi, ko ƙasa da haka idan ya zo da NCE. A cikin waɗannan shekaru ake so ya ɗauki darussan ƙasa da tsirrai da dabbobi da tattalin arzikin gona, ya kuma ɗauki na falsafar ilimi da halayyar ɗan'adam da dabarun koyarwa da tsarin manhaja. Sai kuma gwajin koyarwa, wanda yawanci mako goma sha biyu ne, da aikin sanin makama na 'yan watanni. Wanda za a damƙa wa gonar makaranta, ke nan, shi ne wanda ya fi ƙarancin zama a gona a cikin su biyun.

Shi kansa gwajin koyarwa yana da nasa gurbin. Ana tura ɗalibi ne lokacin da makarantu ke buɗe, kuma abin da mai duba shi ya fi kallo shi ne tsarin darasi da rubutun allo da riƙon aji. Ba kasafai ake bin sa gona a ga ko ya iya auna tazarar shuka ko haɗa maganin feshi ba. Haka kuma an fi tura ɗalibai makarantun cikin gari, inda malaman jami'a za su iya kai musu ziyara cikin sauƙi, yawancin waɗannan makarantu kuwa gine-gine sun cinye filayensu.

2.3 Shekarun Buƙata, 1975 Zuwa 1990

Shekarar 1975 muhimmiya ce ga wannan yanki ta fuska biyu. A cikinta aka kafa Jami'ar Sakkwato, wadda aka sauya wa suna zuwa Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 1988. A cikinta ne kuma aka soma Shirin Bunƙasa Aikin Gona na Gusau da rancen Bankin Duniya, ɗaya daga cikin uku na farko a Nijeriya, tare da na Funtuwa da na Gombe. Shirin ya kawo hanyoyin karkara da cibiyoyin sayar da taki da iri, ya kuma ɗauki malaman gona masu yawa tare da ba su abin hawa. A farkon shekarun 1980 aka faɗaɗa shi ya game Jihar Sakkwato baki ɗaya.

A daidai wannan lokaci makarantu ma suka buɗe baki suna neman malamai. An ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta a 1976, a shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta fito da shirin Ciyar da Ƙasa, wanda a ƙarƙashinsa aka tura ɗaliban manyan makarantu karkara a lokacin dogon hutu. Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977, wadda aka yi wa gyara a 1981, ta kawo tsarin 6-3-3-4 da aka soma aiwatarwa a 1982. A wannan tsari, noma a aikace yana cikin darussan share fagen sana'a a ƙaramar sakandare, a babbar sakandare kuma an wajabta wa ɗalibi ya ɗauki kimiyyar noma ko wani darasin sana'a. A takarda, wannan shi ne matsayi mafi girma da darasin ya taɓa samu.

Sai dai an rubuta manhaja kafin a samar da masu koyar da ita. Matashin da ya fito da takardar aikin gona a wancan lokaci yana da zaɓi tsakanin shirin Bankin Duniya, da Hukumar Raya Kogunan Sakkwato da Rima mai kula da madatsar ruwa ta Bakolori, da bankuna, da kuma aji. Aji shi ne na ƙarshe a wajen albashi da daraja. Saboda haka makarantun karkara suka dogara da masu yi wa ƙasa hidima, waɗanda ke zuwa shekara ɗaya su wuce, galibi ba su jin Hausa, ko kuma a ɗora wa malamin kimiyyar halittu darasin. Da tsarin tsuke bakin aljihu ya zo a 1986, kuɗin sayen kayan aiki da taki na gonar makaranta na cikin abin da ya fara ƙafewa. Jami'o'in aikin gona da aka kafa a Makurɗi da Abekuta a 1988 kuwa sun yi wa wannan yanki nisa ƙwarai.

Wata matsala da masu tsara manhaja ba su cika kula da ita ba ita ce ta kalanda. Damina a ƙasar Gusau takan kankama ne wajen watan Yuni ta ɗauke wajen Oktoba. Makarantu kuwa sukan tafi dogon hutu daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba. Wato ɗalibai za su yi shuka da firi, sannan su bar gonar a daidai lokacin da take buƙatar maimai da taki na biyu da feshi, su dawo su tarar da ciyawa. Malamin da jami'a ba ta koya masa yadda zai tsara lambun rani ko kiwon kaji da tumaki domin cike wannan giɓi ba, abin da ya rage masa shi ne ya zana garma a kan allo, ga yaran da suka bar garma ta gaske a gida da safe.

2.4 Bayan Ƙirƙiro Jihar Zamfara

An cire Jihar Zamfara daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, ta kuma ɗauki noma a matsayin abin alfaharinta a takenta. A lokacin ba ta da jami'a. Daga cikin abin da ke akwai har da Kwalejin Ilimin Fasaha ta Tarayya da ke Gusau, wadda aka keɓe wa mata. Daga baya jihar ta mayar da harabar Maru Kwalejin Ilimi, ta kuma samu kwalejin aikin gona da kiwon dabbobi a Bakura. Nan ma rabon bai sauya ba, domin Maru malaman aji take yayewa, Bakura kuma ma'aikatan gona. Ɗan Magami mai son digiri a wannan fanni sai ya nufi Zariya ko Sakkwato, kuma sai a 2013 aka kafa Jami'ar Tarayya a Gusau.

Kafin a ci moriyar wannan kusanci sai matsalar 'yan bindiga, wadda ta soma tsananta daga wajen 2011, ta mamaye karkarar jihar. Hanyar Gusau zuwa Magami da Ɗansadau ta shiga cikin hanyoyin da suka fi fuskantar hare-hare, manoma da yawa suka bar gonakinsu na nesa da gari. A watan Agusta na 2021 aka kai hari kwalejin Bakura aka sace ɗalibai da ma'aikata, a watan Satumba na wannan shekara kuma gwamnatin jihar ta rufe makarantu na wani lokaci. A Satumbar 2023 aka sace ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Gusau daga gidajen kwanansu a Sabon Gida, cikin Ƙaramar Hukumar Bunguɗu. Illar wannan ga horon malamin koyar da aikin gona ta fi ta sauran darussa, domin malamin lissafi zai iya yin gwajin koyarwarsa a kowane aji a tsakiyar Gusau, shi kuwa wannan yana buƙatar fili, kuma filayen suna bayan gari, a makarantun da ke kan hanyoyin da masu duba ɗalibai ke shakkar bi.