Rukunan Lempel-Ziv: Tarihin Ƙidayarsu

A shekarar 1977 Abraham Lempel da Jacob Ziv na jami'ar Technion da ke Haifa a Isra'ila suka fito da dabarar matse bayanan kwamfuta ta hanyar gano abin da ya maimaitu. A 1978 suka zo da ta biyu, LZ78, mai gina ƙamus tana cikin karanta bayanin. Terry Welch ya gyara ta a 1984, aka sami LZW, wadda hotunan GIF suka dogara da ita tun 1987.

Aikin LZ78 ba wuya. Tana yanka jerin sifili da ɗaya gutsure-gutsure, kowane sabon gutsure kuwa tsohon gutsure ne da aka ƙara wa alama guda. Jerin 010001 yakan rabu zuwa 0, 1, 00, 01. Jerin 100100 kuma yakan ba da 1, 0, 01, 00. Jeri biyu daban, ƙamus ɗaya.

A nan tambayar ƙidaya ta samo asali. Kafin nan masana sukan tara jeri a rukuni ɗaya ne idan yawan sifili da ɗaya ya zo daidai, hanyar da littafin Imre Csiszár da János Körner na 1981 ya yaɗa. Bisa wannan ma'auni, jeri mai tsawon n yana da rukuni n+1 kacal. Gadiel Seroussi, a wata muƙala ta 2006, ya ce a bar ƙamus ya yanke hukunci: jeri biyu masu tsawo ɗaya 'yan rukuni ɗaya ne muddin gutsurensu ɗaya ne.

In an ajiye gutsure na ƙarshe da wani lokaci ba ya cika a gefe, hikimar ita ce kowane ƙamus bishiya ce mai reshe biyu-biyu, tsawon jerin kuma jimillar zurfin rassanta. Ƙirga rukunai ya koma ƙirga bishiyoyi, matsalar da Charles Knessl da Wojciech Szpankowski su ma suka taɓa. Amsar ta nuna yawan rukunan ya kai kimanin 2 a ƙarfin 2n/log₂n. Wannan ya fi n+1 nesa ba kusa ba, amma bai kama ƙafar 2 a ƙarfin n ba, wato yawan jerin gaba ɗaya.

Lempel da Ziv sun rasu a 2023, mako bakwai tsakani.