Fasali a Kan Ado da Sanin Kyau, daga Labarin Fataken Illo

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ya kai ɗan'uwana, almajiri ne kai ko falke, ka sani ado daban, tsada daban. Ado shi ne sanin abu mai kyau da ajiye shi a muhallinsa. Ga misali daga ƙasarmu ta Bagudo.

Garin Illo, kusa da kogin Kwara da iyakar Binin, tsohon zango ne na fataken Gwanja tun kafin Ingila da Faransa su shata iyaka a 1898. Ayari yakan taso daga Kano ko Sakkwato, ya biyo ta Jega, ya ƙetare kogi, ya ratsa Bargu har Salaga. Suna kai kanwa da tufafi, su komo da goro. Tafiyar watanni ce, kuma wanda idonsa bai san kaya ba, a hanya jarinsa kan ƙare.

Dubi yadda suke duba riga. Sukan san saƙi da ƙanƙanta zanensa mai kama da gashin zabo, su san barage da jan alharininta, su san kore da ƙyallin baba da bugu. Rigar tsamiya kuwa ba rini gare ta ba, ba ƙyalli, amma ita manya ke sawa. Gwani yakan juya riga ya dubi bayan aiki, domin can ake gane haƙurin maɗinki. Kai almajiri, ka sani da yawan masu zana aska biyu da aska takwas malamai ne, hannun da ya saba da alƙalami shi ya riƙe allura.

Haka goro. A kan hanya ana kwance huhu, a yayyafa ruwa, a fitar da mai sankara, domin ɗaya yakan ɓata dubu. Babban goro mai tsutsa bai kai ƙarami lafiyayye ba.

Sa'an nan ka tuna Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, mai Gwandu, wanda ya rasu a 1829. A 1807 ya bar rundunar jihadi ya nufi gabas, domin ya ga zukata sun karkata ga sarauta da dawakai da tufafin alfahari. Mutanen Kano suka tsayar da shi, ya rubuta musu Liya'ul Hukkami, sa'an nan ya komo. Ba ƙin kyau ya yi ba: shi ne ya sa wa littafinsa suna Tazyinul Waraƙati, wato ƙawata takardu, kuma da zaɓaɓɓun baitoci ya ƙawata su. Abin da ya ƙi shi ne ado ya zama tsanin girman kai.

Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, goro ya koma biyowa ta Ikko, hanyar Gwanja ta mutu. Iliminta bai mutu ba. To, ka wanke rigarka ko ɗaya ce, kada ka ci bashi domin idon mutane. Ka daidaita rubutun allonka, ka cika mudunka, ka tace maganarka kamar yadda falke ke tsince goro. Ka riƙa juya kanka ka dubi bayan aiki, tun kafin wani ya juya ka.

Allah ya ƙawata mu da ladabi da kunya, amin. Tammat.