Cocin St. Bartholomew, Wusasa

Cocin St. Bartholomew tsohuwar majami'a ce ta ɗariƙar Angilika da ke Wusasa, kusa da birnin Zariya a Jihar Kaduna, Najeriya. An gina ta a shekarar 1929. Tana cikin tsofaffin majami'u na ƙasar Hausa, kuma ta shahara saboda an yi ta da ƙasa bisa tsarin ginin Hausawa, ba irin na Turawa ba.

Tarihi

Asalin cocin yana komawa ga Dokta Walter Miller, likita ɗan ƙasar Ingila da ke aiki da ƙungiyar mishan ta CMS. A shekarar 1900 ya zo Kano cikin tawagar Bishop Herbert Tugwell, amma Sarkin Kano Aliyu Babba bai ba su izinin zama ba. Sai suka juya kudu, suka sauka a Girku. A 1905 Miller ya samu mazauni a cikin birnin Zariya, inda ya buɗe makaranta da ɗakin shan magani.

Cikin waɗanda suka fara binsa akwai wasu daga cikin Isawa, wato almajiran Malam Ibrahim, malamin Kano na ƙarni na 19 wanda ya fifita matsayin Annabi Isa a karatunsa. An zaunar da su a Gimi, sai dai ciwon barci ya yi musu ɓarna sosai. A ƙarshen shekarun 1920 aka fitar da mishan ɗin daga cikin ganuwa zuwa Wusasa, inda aka kafa coci da makaranta da asibitin St. Luke.

Miller ne ya jagoranci fassarar Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda aka buga cikakkensa a 1932. Masu nazarin harshe suna komawa ga wannan fassara don ganin yadda ake rubuta Hausar boko a wancan zamani.

Tsarin gini

Wanda ya saba ganin soraye da zaurukan Zazzau ba zai ga baƙon abu a nan ba. Bangon yana da kauri, abin da ke sa cikin ɗakin ya yi sanyi ko da a bazara. A irin wannan gini magina kan jera tubali su haɗe shi da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, sannan su ɗaure rufi da azara, wato itacen giginya da aka tsaga, domin gara ba ta cika cin sa ba. Idan ana son faɗi ba tare da ginshiƙai da yawa ba, sai a lanƙwasa azarar daki-daki ta zama bakan gizo. Wannan fasaha ce Babban Gwani Muhammadu Durugu ya kai ta ƙololuwa a Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, don haka masu nazarin gine-gine kan ziyarci wuraren biyu tare.

Babbar matsalar ginin ƙasa ita ce ruwan sama. Yana bukatar yaɓe da gyaran indararo kafin damina, ga shi magina masu wannan sana'a suna raguwa. Liƙa siminti a kan ƙasa kuwa ba magani ba ne, domin yakan tsare danshi a ciki har bango ya ruɓe.

Mutanen da suka tashi a Wusasa

Janar Yakubu Gowon, shugaban Najeriya daga 1966 zuwa 1975, a Wusasa ya girma, mahaifinsa kuma ma'aikacin mishan ne. Farfesa Ishaya Audu, ɗan Najeriya na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, shi ma ya yi karatu a makarantar St. Bartholomew.

Ziyara

Mai zuwa daga Kano zai bi babbar hanyar Kano zuwa Kaduna ta Kwanar Dangora har Zariya. Wusasa ba ta da nisa da dutsen Kufena. Wurin ibada ne, saboda haka ya dace baƙo ya nemi izinin limaman cocin kafin ya shiga ko ya ɗauki hoto.