Zinarin 'Yargalma da Darasin da ya Bar Mana

'Yan'uwa tsofaffin ɗalibai da malamanmu, tarihin ƙananan sana'o'i a ƙasar Anka da Bukkuyum ba ya cika sai an ambaci shekarar 2010.

Tun bayan samun mulkin kai, hankalin hukuma ya fi karkata ga manyan masana'antu irin masaƙar Gusau, aka bar mai ƙaramin jari yana ta kansa. Dokar ma'adinai ta 2007 ta tanadi lasisi ga ƙananan masu haƙa, amma amfaninta bai iso ƙauyukanmu ba.

Da zinari ya yi tsada a kasuwar duniya, sai manoma suka duƙufa haƙarsa. Sukan kwaso duwatsun zuwa gida, a daka a turmi, a niƙa da injin niƙan hatsi, alhali ba wanda ya san suna ɗauke da dalma. Ƙurar ta game tsakar gida inda yara ke rarrafe. A 2010 likitocin ƙungiyar MSF suka gano gubar a 'Yargalma da Dareta. Yara fiye da 400 suka rasu a yankin, Allah ya jiƙansu. Aka bi gida-gida ana kwashe gurɓatacciyar ƙasa, amma Bagega sai a 2013 aikin ya kai gare ta.

Laifin ba na sana'ar ba ne. Da an haɗa masu haƙar cikin ƙungiyoyi, an keɓe musu maniƙa a bayan gari, an koya musu niƙa da ruwa, da ba a yi wannan hasara ba. Waɗanda Allah ya ɗora bisa kujerun hukuma daga cikinmu, su tuna rigakafi ya fi magani.