Daga Kuɗin Ƙasa zuwa Kason Tarayya: Haraji da Tsarin Mulki a Ƙasar Gaya

Manomin Gafasa, a ƙaramar hukumar Ajingi ta yau, ya san haraji tun kafin zuwan Turawa. A zamanin sarauta yana biyan kuɗin ƙasa da zakkar hatsi, marini yana biyan kuɗin karofi, makiyayi kuwa jangali. Da Turawa suka ci Kano a 1903 ba su kashe waɗannan ba, sai dokar Lugga ta 1906 ta kama hanyar haɗe su wuri guda. Daga baya aka kafa Baitulmali, aka yanka wa Sarki da hakimai albashi, En'e ta riƙe rabin abin da aka tara, Gwamnati ta ɗauki rabi.

A nan gizo ke saƙa. Kuɗin da dagaci ya tattara a ƙasar Gaya birni suke tafiya, wanda ya biya kuwa ba shi da bakin tambayar inda suka shiga. Wannan, tare da wulaƙancin da ake yi wa wanda ya kasa biya, shi ya ba NEPU makami tun kafuwarta a 1950.

Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya rushe En'e. Tsarin mulkin 1979 ya ba ƙananan hukumomi aikin ƙiyasta gidajen mutane domin sa musu haraji, ya kuma rungumi dokar filaye ta 1978 wadda ta danƙa ƙasa a hannun gwamna. A shekarar ce Gwamna Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali. Ku lura, a 1978 mutanen Kalifoniya ta Amurka su ma sun gyara tsarin mulkinsu, amma iyaka suka yi wa harajin gidaje, kashi 1 cikin 100 na darajar gida, ba su kashe shi ba.

Ni dai ba na kukan mutuwar haraji. Wanda ya ga an shanya dattijo a rana ba zai yi ba. Sai dai ga abin da ya biyo baya: ƙaramar hukuma ta koma dogaro da kason Tarayya, wanda sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya bi da shi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Talaka ya huta da biya, amma har yanzu ba a ba shi ikon duba littafin kuɗi ba. A ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta ce a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye. Hukuncin ya raba gardamar wanda zai karɓi kuɗin, bai taɓo maganar wanda zai tsare shugaban ƙaramar hukuma da tambaya a Gafasa ba.